Kasuwar azumi ta Kampung Baru: abin da na saya, da abin da aka ba ni kyauta

Shekara 19 ke nan ina sana'ar kayan buɗa-baki a Kano. Da zarar an ga wata, ni da kaskon suya sai daren Sallah: ƙosai, alale, samosa, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, zoɓo, da farfesun kayan ciki ga masu oda. Azumin 2025 ne na farko da na yi hannuna ba ya ƙaurin mai. 'Yata ta haihu a tsakiyar Sha'aban a Maleshiya, inda maigidanta yake karatun digiri na uku a Jami'ar Musulunci da ke Gombak, a gefen Kuala Lumpur. Na bar wa ƙanwata kasko da kwastomomi, na hau jirgi ta Doha na tafi taya jego.

Tun kafin in tashi ake ba ni labarin abin da suke kira Bazar Ramadan, kasuwar abinci da ba ta ci sai a watan azumi. Kusan kowace unguwa tana da tata. Ana tare titi guda ko filin ajiye motoci, a kafa rumfunan tanti a jere, daga bayan azahar a fara kasa kaya, da an kira magariba kuma kowa ya naɗe. Na leƙa uku, amma wadda na yi wa zuwa 6 ita ce ta unguwar Kampung Baru da ke cikin Kuala Lumpur, a titin Raja Alang, don haka a kanta zan yi magana. Mai sana'a ce ni, da idon mai sana'a na kalle ta.

A gida an tashi da azumi ranar Asabar, 1 ga Maris, mu a can sai Lahadi 2 ga wata. A talabijin ake sanarwa, mai riƙe da hatimin sarakunan ƙasar ne ke karantawa, kamar yadda muke sauraron fadar Sarkin Musulmi. Alfijir yana ketowa ƙarfe 6 da 'yan mintuna, magariba kusan 7:30. Zafinsu ba irin namu ba ne mai busar da leɓe. Gumi ne, ki yi wanka ki fito kamar ba ki yi ba. Kuma a watan Maris da yamma hadari ba ya sallama. Duk wanda zai je kasuwar nan ya riƙe lema, ya sa takalmin da ba ya santsi.

Zuwa ba wuya. Daga Gombak jirgin ƙasa na cikin gari ne kai tsaye, layin Kelana Jaya, wanda ba shi da direba. Bai fi tafiyar minti 20 da ɗoriya ba, ana wuce tashar KLCC sai Kampung Baru. Daga tashar a taka da ƙafa. Wannan 'yar tafiyar ma abin kallo ce. Unguwa ce ta Malayawa da aka keɓe musu tun wajen 1900, zamanin Turawan Ingila, har yau akwai gidajen katako a kan dirkoki, da bishiyar ayaba da kaji a tsakar gida, ka ɗaga kai kuma ga tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 sun tsaya a kanka. Sai ya tuna min yadda cikin ganuwa yake zaune da al'adarsa, sabon gari na kewaye shi.

Zuwan farko da surukina muka je, kuma kowa ya san tafiyar suruka da suruki. Yana gaba ina baya, ya waiwayo ya ce, "Umma, me za a saya?" in ce, "Malam, duk abin da ka gani." Ni kuwa so nake in tsaya a kan kowace tukunya in leƙa. Ranar mun isa bayan ƙarfe 6, kuma wannan ne kuskuren farko. A lokacin ma'aikata sun tashi daga ofis, titin ya cika maƙil, ba masaka tsinke, hayaƙin gawayi ya rufe sama, duk rumfar kirki layi ya miƙe a gabanta. Abin da hannu ya kai shi muka saya. Daga zuwa na biyu sai maƙwabciyarsu ta ɗauke ni. Dattijuwa ce 'yar asalin jihar Kelantan, kowa a benen yana ce mata Makcik, wato inna ko gwaggo. Turancina na sakandare da nata suka haɗu, sauran muka cike da hannu. Ita ta koya min cewa ƙarfe 4:30 ake zuwa, lokacin an gama kasa kaya, wuta ta kama, mutane ba su yi yawa ba, mai sayarwa yana da sukunin amsa tambaya.

Kafin abinci, tsarin wurin ne ya fara kama ni. Kowace rumfa da lambarta da takardar izininta a rataye. Masu sayarwa da rigar girki, kai a rufe, yawancinsu da safar hannu ko abin ɗauka. Dokar ƙasar ta wajabta wa duk mai taɓa abincin sayarwa ya yi allurar rigakafin taifod, ya kuma halarci horon tsafta. Yawancin rumfuna sun rubuta farashi a kwali, ba a tayi, ba a "rage min". Mutanen gari da waya suke biya, su haska wata alama da ke manne a jikin rumfar, kuɗi ya tafi. Baƙo ya riƙe ƙananan takardun kuɗinsu, na ringgit 1, 5 da 10, don mai rumfa ba ya son a ba shi 100 a kan kayan ringgit 3. Kuma ba Musulmi kaɗai ke zuwa ba. 'Yan asalin Sin da Indiya da ke ƙasar suna cikin layi da ledojinsu, da Turawa masu yawon buɗe ido, ba mai kallon wani.

To, abinci. Abin da ya fi komai a titin nan a wurina shi ne gasasshiyar kazar da suke kira ayam percik. Daga Kelantan ta fito, shi ya sa Makcik ta ja ni wurinta da farko, tana tafe tana taƙama. Ana jiƙa kazar da kurkur, citta, tafarnuwa da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da muke sakawa a shayi. A matse cinya a tsakanin tsagin gora, a jera a kan gawayi. Sirrin yana cikin miyar da ake yarfa mata tana kan wuta: madarar kwakwa mai kauri da barkono da tsamiya da ɗan sukari. A yarfa, a juya, ta kama jiki, a sake yarfawa, har sai ta yi ɓawo ja-ja mai ɗan ƙuna a gefe. Na tsaya na fi minti 15 ina kallon yaron da ke gashin, ban ga ya bar cinya ɗaya ta bushe ba. Ringgit 9 na biya, kuma duk zuwan da na yi bayan nan sai na saya. Abin lura kawai, a zaɓi wadda aka sauke a gabanka. Wadda ta daɗe a tire miyar tana daskarewa, ƙamshin hayaƙin ya gudu.

Kusa da ita akwai masu satay, tsirensu ke nan. 'Yan ƙananan tsinkaye ne, loma biyu an gama, na kaza da na saniya, ana sayarwa goma-goma. Mu ƙuli muke barbaɗawa a jikin nama kafin ya hau wuta, ya fito a bushe da yaji. Su kuwa gyaɗar daban suke dafawa ta zama miya mai kauri da zaƙi, a tsoma tsinken a ciki, a haɗa da albasa, kokwamba da dunƙulen shinkafa da aka yanka ƙanana. Naman ya yi laushi, gashin ya yi kyau. Amma bakin da ya saba da tsiren Kano zai ji kamar an zuba masa sukari a nama, don kuwa an zuba ɗin. Na ɗauko yajin ƙulin da na taho da shi daga gida na barbaɗa, sannan ya zauna min daidai.

Wannan maganar sukari ita ce babbar matsalata da kasuwar gaba ɗaya, kuma da gaske nake. Akwai shi a miyar kaza, akwai shi a miyar gyaɗa, akwai shi a dakakken barkonon da suke kira sambal. Abin sha kuwa ba a magana. Za ka ga manyan randuna masu gani-har-hanji a jere, cike da ƙanƙara, ruwan hoda, kore, ɗorawa, shuɗi, kamar rinin Ƙofar Mata. Mai ruwan hodar nan, sirap bandung, madara ce da ruwan fure, na kurɓa sau biyu na ajiye. Tunda an riga an haɗa su a randa, ko ka ce "kurang manis", wato a rage zaƙi, ba abin da mai rumfa zai iya yi sai ƙara ƙanƙara. Mai ciwon sukari ya yi nesa da layin nan. Abin sha biyu na amince da su: ruwan rake da ake matsewa a inji a gabanka, da ruwan ɗanyar kwakwa da ake sarewa nan take. Na yi kewar kunun tsamiya ba kaɗan ba, har sai da na jiƙa geron da na kawo wa mai jego na dama mana.

Shinkafar da ta ba ni mamaki ita ce nasi kerabu. Shuɗiya ce shar, ranar farko na ɗauka kala aka zuba, na kau da kai. Makcik ta kai ni bayan benensu ta nuna min furen da ake jiƙawa a dafa shinkafar da ruwansa, wani ɗan shuɗin fure mai yaɗo a jikin shinge. Ana zuba shinkafar, a kewaye ta da ɗanyun ganyayyaki da aka yanka siriri kamar gashi, da soyayyiyar kwakwa da aka haɗa da kifi, da rabin ƙwai mai gishiri, da barkono kore da aka cusa wa kifi da kwakwa a ciki. Sannan a ɗiga budu, ruwan ƙananan kifi da aka tsima wata da watanni. Warinsa zai kori baƙo, amma duk wadda ta san aikin daddawa a miyar kuka ta san abin da ake nufi: shi kaɗai ba ya shaƙuwa, in babu shi kuma abincin ya zama lami. A cakuɗa komai da hannu kamar kwaɗon rama. Bayan yini guda na ƙishirwa, ɗanyen ganyen nan da ɗan tsami-tsamin suna buɗe baki fiye da kowane soye-soye. Wannan ita ce ta biyu a wurina bayan kaza.

Sai dai a kanta aka cuce ni sau ɗaya. A zuwa na uku rumfar da muka saba saye ta yi layi, na matsa wata da ta riga ta ƙulla nata a robobi ta jera. Da aka sha ruwa na buɗe, kwakwar ta fara tsami, ganyen ya yi laushi ya saki ruwa. Ko loma ba mu kai ba muka zubar. Na san abin da ya faru don ni ma mai girki ce: an zuba shinkafa da zafinta a kan ɗanyen ganye da kwakwa tun da rana, an rufe, an bar ta cikin gumin nan awa huɗu ko biyar. Duk abin da aka yi da madarar kwakwa ba ya jure haka. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, ba na sayen abin da ban ga an zuba a gabana ba. Haka wani mai murtabak ya yi min, wato mutabbak ɗin da alhazai suka sani a Makka. Na waje da ya yanka don talla cike yake da nama, wanda ya naɗe min kuwa albasa ce da ƙwai, naman sai an yi bincike. Ringgit 10 ya karɓa. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Mutum ya yini da yunwa, ya amince maka ba tare da ya ɗanɗana ba, don mai azumi ba shi da halin ɗanɗanawa, ka tura shi gida da wannan. Sana'ar kayan buɗa-baki amana ce ta musamman saboda haka, kuma abin ya tsaya min a rai kwana biyu.

Roti john shi ne abin da matasa suka fi yi wa layi. Dogon burodi ne a tsaga, a kifa shi a kan ƙwai da niƙaƙƙen nama a faffaɗan kasko. Har nan lafiya lau, ɗan'uwan burodi da ƙwai ne na mai shayi. Amma sai su bi shi da mayonis da miyar barkono mai zaƙi da narkakken cuku har burodin ya nutse. Kafin a kai gida ya jiƙe. Surukina yana so, ni ban ga abin so ba.

Inda sukarin ya yi amfani shi ne wurin kuih, 'yan ƙananan kayan zaƙinsu. A nan na ga gwaninta. Tepung pelita ita ce sarauniyarsu a azumi. Ana naɗe ganyen ayaba kamar ɗan kwale-kwale, a zuba ƙullun shinkafa kore a ƙasa, mai ƙamshin wani ganye da suke kira pandan, a turara, sannan a zuba farin ƙulli na madarar kwakwa mai ɗan gishiri a sama, a sake turarawa. Cokali ya ratsa biyun tare, gishirin sama ya tare zaƙin ƙasa, ga laushi kamar kindirmo. Wadda ta iya turara alale a ganye za ta gane wahalar da ke cikin yin ɗari biyu irin wannan ba tare da ɗaya ta zube ba. Akwai kuma onde-onde, 'yan dunƙulen kore da aka mirgina a kankararriyar kwakwa, a cikinsu narkakken sukarin da suke samu daga bishiyar kwakwa mai ɗanɗanon mazarƙwaila. A jefa a baki gaba ɗaya a rufe leɓe, in aka gatsa rabi sai ya fantsama a hijabi. Ringgit 5 ta ishe ka cika 'yar roba da kala huɗu ko biyar.

Abin da kasuwar ba ta da shi shi ne wurin zama. Saye ake yi a tafi, kalmar da za ka fi ji ita ce "bungkus", wato ƙulla min. Mai gida a kusa ba ruwansa, amma matafiyin da ya sauka a otal zai tsinci kansa da ledoji a hannu ana kiran salla. Mafita tana nan a bakin titin: babban masallacin unguwar, Masjid Jamek Kampung Baru. Akwai wurin alwala na mata mai tsafta, ana shimfiɗa a zauna a jere, ana miƙo dabino da ruwa. A nan na sha ruwa sau uku. Matan suna sa farin lulluɓin salla da suke kira telekung, akwai na aro a rataye ga wadda ba ta zo da nata ba. Shafi'awa ne, liman yana bayyana bisimilla, kuma a rabin ƙarshe na wata ana alƙunutu a wutiri. Bayan asham ma akan fito da shayi da ɗan abin taɓawa, suna ce masa moreh.

A masallacin nan ne kuma na ci abin da ya fi duk abin da na saya a titi, kuma ko sisi ban biya ba. Sunansa bubur lambuk. Faten shinkafa ne da nama, ana rabawa kyauta kullum bayan la'asar, shekara da shekaru, har sunan unguwar ya bi shi: ko a wani gari aka dafa, sai ka ga an rubuta "na Kampung Baru" don ya shiga. Layin yana fita har waje. Na ga mai babur ɗin kai saƙo da hular kwanonsa a hannu, na ga mai kwat da ya fito daga ofis, na ga leburori 'yan Bangladesh da Indonesiya, na ga tsohuwa da sanda. Ba a tambayar kowa daga ina yake. Aka miƙo min ƙullin leda da ɗuminsa, mutumin ya ce "rezeki". Na tsaya, don na ji kalmar gida. Arziki. Haka na riƙa tsintar su: sedekah, sabar, Khamis, Jumaat. Larabci ya ba mu, ya ba su.

Da aka kira salla na kwance ledar a kofi. Ƙamshin man shanu ne ya fara tasowa, sai kirfa da kanumfari, sai wani ɗan ɗaci-ɗaci can ƙasa da na gane nan take, hulba ce. Shinkafar ta narke amma ba ta zama kunu ba, ana jin ƙwayarta a harshe. Nama niƙaƙƙe a ko'ina, ba sai an nema ba. Ba yaji mai tada hankali, ba sukari. Abin da cikin da ya yini a rufe yake buƙata ke nan, yana sauka kamar ana lallashinsa. Na kai wa mai jego, ta shanye ta ce a ƙaro gobe. Daga ranar, duk zuwan da zan yi sai na fara shiga layin nan kafin in taka kasuwa.

Na matsa wa Makcik sai da ta kai ni da safe na ga yadda ake dafawa. Maza ne ke aikin, 'yan sa-kai, yawancinsu dattawan unguwa da matasa masu taya su. Manyan tukwane a jere a kan murhun gas, kowace za ta ɗauki yaro a tsaye, muciyar kuwa kamar abin tuƙa kwale-kwale. Ana fara narka man shanu, a zuba kirfa, kanumfari, hulba, hel irin na gahawar Larabawa, da wani mai siffar tauraro, su yi ta ƙara a cikin mai har ƙamshi ya tashi. Sai albasa, citta da tafarnuwa. Sai nama da busasshen jatan lande da aka daka. A tsaida ruwa, a zuba shinkafa da ganyen pandan a ƙulle, daga nan kuma juyi ne ba tsayawa na awanni, don in aka saki muciya ƙasan ya kama, tukunya guda ta tafi. Madarar kwakwa sai can ƙarshe, sannan soyayyiyar albasa da yankakken ganye. Na lura dattijo ɗaya ne ke zagayawa yana auna gishiri da kayan ƙamshi a kowace tukunya, kuma shi ma azumi yake, ba ya ɗanɗanawa. Hannu ne da hanci. Na san wannan, haka nake haɗa farfesu shekara 19. Na tsaya a gefe ina kallo har idona ya kawo ruwa, don ban taɓa ganin an ɗauki girkin sadaka da muhimmanci haka ba. A wurinmu sau da yawa abin sadaka shi ne wanda aka rage wa mai, aka rage wa nama. A nan da gudummawar jama'a ake sayen kayan, kuma mafi kyau ake saye.

Mai rashin jituwa da jatan lande ya kula, yana cikin faten nan, yana kuma cikin kusan duk dakakken barkononsu. Haka gyaɗa. A tambaya kafin a saya.

Sau ɗaya wani abokin surukina ya gayyace mu shan ruwa a wani babban otal, irin wanda ake jera abinci kowa ya ɗiba. Kuɗin mutum ɗaya ya haura ringgit 100. Akwai kala fiye da yadda ido zai ƙirga, akwai sanyi, akwai kujera. Amma kazar percik ɗinsu a tire take a kan ruwan zafi, ba ta san gawayi ba, faten nasu kuma bai kama ƙafar na masallaci ba. Da ringgit 25 zuwa 30 mutum ɗaya zai ci ya ƙoshi a titin Raja Alang, har ya rage na sahur.

In dai ya iya kama kansa. Idon mai azumi ba ya ƙoshi, kuma kasuwar nan an gina ta ne a kan haka. Zuwan farko mun dawo da leda 9, mu uku, rabi ya kwana ya lalace. Su ma masu rumfa suna yin fiye da kima, ana dab da kiran salla sai ka ji ana karya farashi, biyu a kuɗin ɗaya. Akwai wani shiri da ake kira MySaveFood, matasa ne ke bin kasuwannin azumi da dama suna karɓar abin da bai ƙare ba, su auna, su raba wa mabuƙata a daren. Ya burge ni, amma yawan abin da suke tarawa ya nuna yawan abin da ake dafawa a banza.

Wanda zai shirya tafiya don wannan, ya nemi bizarsa da wuri, ya riƙe katin rigakafin shawara, kuma ya zo a goman marmari ko goman wuya. A goman ɗokin Sallah hankalin gari yana komawa titin Tuanku Abdul Rahman wurin kayan sawa, kuma a kwanakin ƙarshe rumfuna suna raguwa, don mutanen Kuala Lumpur garuruwansu suke tafiya yin Sallah, suna ce wa tafiyar balik kampung. Abin da ke fitowa a lokacin shi ne lemang: a shimfiɗa ganyen ayaba a cikin gora, a ɗura shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, a jingina gorar a gefen wuta awa huɗu ko fiye ana juyawa. A bakin hanya ake sayarwa, a tsaga maka gorar a gabanka.

Mun yi Sallah ranar Litinin 31 ga Maris, kwana ɗaya bayan gida. Makcik ba ta tafi Kelantan ba a shekarar, 'ya'yanta ne suka zo mata. Bayan an sauko daga idi ta aiko jikarta ta kira mu. A can ƙofa a buɗe ake barinta ranar Sallah, kowa ya shigo ya ci, yara kuma a ba su goron Sallah a 'yar ambulan kore. Ta yanka lemang, ta zubo rendang, naman da aka dafa da madarar kwakwa har ruwan ya ƙone ya koma mai. Sannan ta buɗe wani gwangwani ta tura min gabana tana kallon fuskata. Na duba, na sa hannu na murza. Dambun nama ne. Su serunding suke ce masa, kuma jiharta ce ta yi suna a kansa. An dafa, an daka, an soya har ya bushe, sak yadda muke yi, sai dai nasu da kwakwa da ɗan zaƙi.

Na ce wa 'yata ta hau sama ta ɗauko ragowar wanda na taho da shi daga Kano. Makcik ta ɗiba ta ɗora a kan lemang ta kai baki. Ta yi shiru, ta nemi ruwa, yajin ya kama ta. Sai ta sake miƙa hannu, ta kira 'yarta ta ce ta kawo takarda da biro, a tambaye ni me da me na saka.